Fam Uku Da Kwabo Sittin: Gahawa Na Saya Ko Kujera?

Da aka ce layi ya zo kaina, na so in kawo muku wani batu mai nauyi. Sai na waiwayi shekara guda da rabi da na yi a birnin Birmingham na ƙasar Ingila, na ga babu abin da ya ci mini kuɗi a ɓoye, ya kuma koya mini hankali, irin kofin gahawa. Don haka ku yi haƙuri da ni, yau a kan ruwan zafi za mu yi magana.

Wata ranar Asabar cikin hunturu na kira gida ta bidiyo, ina zaune a wani shagon gahawa kusa da tashar jirgin ƙasa. Umma ta hango kofin takarda a hannuna.

"Kai kuma me kake sha haka a kofin takarda?"

"Gahawa ce, Umma."

"Nawa suke sayarwa?"

Na ce fam uku da kwabo sittin. Ban rufe baki ba ƙanena ya leƙo daga bayanta, ya riga ya buga lissafi a waya. "Yaya, naira dubu bakwai da ɗari biyu ke nan fa!" Umma ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "To, Allah Ya sa da nama a ciki."

Muka yi dariya, muka wuce zuwa wata maganar. Amma bayan na kashe wayar na kalli kofin, sai na ji kunya ta kama ni. Abin da ban faɗa wa Umma ba shi ne, gahawar ko daɗi ba ta da shi. Ɗaci ne kawai irin na abin da ya ƙone, an lulluɓe shi da madara mai kumfa. Rabinta ma na bari ta huce a kan tebur.

Bari in faɗa muku yadda aka yi na faɗa wannan rami. A gida ni ɗan shayi ne. Lokacin da nake kwalejin kimiyya da fasaha, idan jarrabawa ta matso, sai in ce wa mai shayinmu ya ƙara mini rabin cokali na garin kofin gwangwani. Iyakar sanina da gahawa ke nan, sai kuma 'yar wadda alhazai ke ba da labarin sun sha da dabino a Makka da Madina. Da na zo nan ƙaro karatu, na sami aikin dare a wani katafaren sito, inda muke ɗaura kaya a kwali daga goman dare zuwa shidan safe. Dokar bizar ɗalibai ta ba mu awa 20 ne kacal a mako idan ana karatu, don haka kowace awa tana da mai ita: ta haya, ta abinci, ta motar haya, ta gida. Wani lokaci in tashi daga aiki in wuce aji ba tare da na runtsa ba. Abin da ke riƙe mini ido a buɗe shi ne kofin nan. Kuma biyan kuɗi a nan ba ya ciwo, kati kawai za ka ɗora a kan na'ura ta yi ƙara, ka wuce.

Daren ranar da muka yi waya da Umma na buɗe manhajar banki na ƙirga. Kofi ashirin a wata guda, fam 72. A canjin lokacin, da fam ɗaya ke kusan naira dubu biyu, naira dubu 144 ke nan. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun watan Yulin 2024 naira dubu 70 ne. Wato na shanye albashin ma'aikata biyu a ruwan da ba na ma jin daɗinsa, a watan da na ce wa ƙanwata ta ɗan jira kuɗin rajistarta.

Tun daga nan na fara bin diddigin abin, kuma ra'ayin da na tsaya a kai shi ne wannan: wanda ya sayi gahawa a shago a ƙasar Turai, kuɗin wuri ya biya, gahawar kyauta-kyauta aka ba shi. Saboda haka tsadarta ba ta ce komai ba game da ingancinta. Baƙon da bai gane wannan ba zai yi ta asara biyu, ga aljihu ya rame, ga baki bai ji daɗi ba.

Mu fasa kofin nan mu ga abin da ke cikinsa. Yawancin abin da ake sayarwa a shagunan nan ana gina shi ne a kan wata 'yar gahawa mai kauri da ake kira esfireso, wadda inji ke tatsowa da ƙarfin ruwan zafi. Kofi matsakaici yana cin kamar giram 18 na soyayyen gari. Da yake ƙwayar tana rage nauyi idan aka soya ta, ana bukatar kamar giram 22 na ɗanya kafin a sami wannan. A kasuwar duniya da laba ake auna nau'in arabika, laba ɗaya kuma giram 454 ce. Kun ga laba ɗaya tana fitar da kofi ashirin ke nan.

To nawa ne labar? A watan Fabrairun 2025 farashinta a kasuwar New York ya haura dala huɗu, tsadar da ba a taɓa gani ba a tarihi. Raba dala huɗu gida ashirin, santi 20 ke nan, kusan kwabo 16 na kuɗin Ingila, inda kwabo ɗari ke yin fam ɗaya. Wato a lokacin da gahawa ta fi kowane lokaci tsada a duniya, ɗanyar ƙwayar da ke cikin kofina na fam uku da kwabo sittin ba ta kai kwabo ashirin ba. A 2019 kuwa, da laba ta faɗi ƙasa da dala ɗaya, ko kwabo biyar ba ta kai ba.

Ina sauran kuɗin ya tafi? Da farko gwamnati ta ɗauki nata. Harajin sayen kaya da ake kira VAT kashi 20 cikin ɗari ne a kan abin sha mai zafi da aka saya a shago, wato kashi ɗaya bisa shida na abin da ka miƙa. A kofina kwabo 60 ke nan daidai, kusan ninki huɗu na kuɗin ƙwayar. Abin lura, idan garin gahawa ko ƙwayarta ka saya a kanti ka tafi gida, babu wannan haraji a kai. Sai albashin ma'aikata: a Afrilun 2025 doka ta ce kada a biya wanda ya kai shekara 21 ƙasa da fam 12.21 a awa, bayan a shekarar da ta gabata yana fam 11.44. Sai hayar shago, wadda a tsakiyar gari ko a tashar jirgi ba a magana. Sai wutar lantarki da gas, da suka yi tashin gwauron zabo bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022. Sai madara, wadda ita ce ta cika yawancin kofin. Sai kofin takardar da murfinsa, da kuɗin inji, da ribar mai shago.

Ban ce tashin farashin ƙwaya ƙarya ba ne. Barazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman gahawa, ta sha fari mai tsanani a 2024. Biyetnam, ta biyu a duniya kuma uwar nau'in robusta, ita ma zafi da ƙarancin ruwa sun taɓa ta. Hare-haren da aka riƙa kai wa jiragen ruwa a Bahar Maliya tun ƙarshen 2023 sun sa jirage da yawa suka daina bi ta mashigin Suwez, suka koma zagaye nahiyar Afirka, kuɗin dako ya ƙaru. Duk wannan ya faru, kuma wanda ke sayen gari a kanti ya ji a jikinsa. Amma lissafin da muka yi ya nuna ko da farashin ƙwaya ya ninka sau huɗu, abin da ya ƙara wa kofin shago bai wuce kwabo goma sha biyu ba. Idan aka ce maka kofi ya yi tsada saboda fari a Barazil, an faɗa maka gefen gaskiya ne kawai.

Wanda ya fi ba ni tausayi a duk wannan lissafi shi ne manomi. Kwabo sha shidan nan ma ba duka ke shiga hannunsa ba, domin farashin kasuwar duniya ne, akwai dillalai da masu dako da masu fitarwa a tsakani. Itacen gahawa sai ya shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara 'ya'ya. A yawancin ƙasashe da hannu ake tsinkar 'ya'yan, ɗaya bayan ɗaya, a kan gangaren tsauni, kuma ƙananan manoma ne ke noma mafi yawan gahawar duniya. Duk da haka Jamus da Siwizalan suna cikin ƙasashen da suka fi samun kuɗi daga fitar da gahawa, alhali ba sa noma ta. Su dai saye ɗanya, su soya, su niƙa, su zuba a leda mai kyau. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu mu zo kan inganci. Idan ƙwayar ita ce mafi ƙanƙanta a cikin kuɗin, to mai shago zai iya tsadar kofi da ƙwaya mai kyau, zai kuma iya tsadarsa da maras kyau, farashin bai canza sosai ba. Babban kamfani mai rassa ɗaruruwa abin da ya fi damunsa shi ne kofin da ka sha a wannan gari ya zama iri ɗaya da wanda za ka sha a wancan. Hanya mafi sauƙi ta cimma haka ita ce a haɗa ƙwayoyi daga wurare daban-daban a soya su har su yi baƙi. Suya mai duhu tana kashe bambanci, tana kuma ɓoye aibu, kamar yadda yaji mai yawa ke rufe naman da ya kwana. Sannan a zuba madara da sukari da ɗanɗanon roba iri-iri a sama. Abin da ke kai wa harshenka madara ce mai ɗumi da ƙamshin ƙuna.

Ban san haka ba sai da wata tsohuwa ta buɗe mini ido. A gidan da nake haya, a ƙasan bene, akwai wata dattijuwa 'yar ƙasar Habasha da ke zaune da jikarta. Mama nake ce mata. Kullum ta gan ni na shigo da kofin takarda sai ta girgiza kai. Wata Lahadi ta tsare ni a bakin ƙofa ta ce, "Ɗana, wancan gawayi ne da madara. Zo ka zauna."

Ta buɗe taga tukuna, don kada na'urar gano hayaƙi ta tara mana jama'a. Ta ɗauko ɗanyar ƙwaya, launinta kore-kore mai toka, ta wanke, ta zuba a ɗan kasko tana juyawa a kan wuta kamar mai suyar gyaɗa. Da ta fara ƙara tana canza launi, sai ta sauke tun ba ta yi baƙi ba, ta kawo kaskon kusa da fuskata ta ce in shaƙa. Ta daka a ɗan turmi, ta zuba a wata tukunyar ƙasa mai dogon wuya da suke kira jabana, ta dafa, ta bar garin ya kwanta. Ta kunna turaren wuta, ta ajiye gugguru a faranti. Sannan ta tsiyaya a 'yan ƙananan kofuna marasa mariƙi.

'Yan uwa, ban taɓa sanin gahawa tana da zaƙi nata na kanta ba sai ranar. Akwai ɗan tsami mai daɗi kamar na 'ya'yan itace, akwai ƙamshi kamar na fure, ɗacin kuma yana can baya, bai tare hanya ba. Sau uku ake sha a al'adarsu, ana ƙara ruwa a kan garin: na farko abol, na biyu tona, na uku baraka. Da na ji sunan na ukun na ce mata mu ma muna da kalmar albarka, ta yi murmushi ta ce to kada in tashi sai na sha shi. Mun fi awa guda a zaune. Da na tambaye ta nawa ta sayi ƙwayar, sai na gane duk abin da mu uku muka sha bai kai kuɗin kofina guda na tasha ba.

Ba mamaki ta fi su iyawa. Daga dazuzzukan kudu maso yammacin Habasha itacen arabika ya fito. Daga can ya tsallaka Yaman, inda a ƙarni na 15 sufaye ke shan gahawa don su iya raya dare, kuma ta tashar jiragen ruwa ta Makha ta bazu duniya. Kalmar tamu ta gahawa ma daga Larabci muka aro ta. Har yau Habasha ce ta fi kowace ƙasa noman gahawa a Afirka, kuma kusan rabin abin da take nomawa mutanenta ne ke shanyewa.

Da na koma ɗaki a daren sai kakana ya faɗo mini a rai. Shi mutumin goro ne. Ka miƙa masa goro, kafin ya kai baki ya san daushe ne ko sabo, ya san wanda ya ji ganye da wanda ya sha iska. Babu mai goron da zai ruɗe shi da kyan faranti. Goro da gahawa kuwa sinadari ɗaya ne a cikinsu mai kore barci, wanda ake kira kafin. Bambancin kawai shi ne mun gaji sanin goro, gahawa kuwa baƙuwa ce a wurinmu. Shi ya sa idan muka zo nan muke auna ta da kyan fitilun shago da sunan da aka rubuta a jikin kofi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ga ɗan abin da na koya, ko zai amfani wani. Nau'i biyu ne suka mamaye kasuwa. Arabika tana son tudu mai sanyi, ta fi ƙamshi da laushin ɗanɗano. Robusta tana jure zafi da cututtuka, ta fi ɗaci, kafin ɗinta ya kusa ninka na arabika, kuma da ita ake yin yawancin garin gwangwani mai narkewa nan take. Idan za ka sayi leda, nemi wadda aka rubuta ranar da aka soya ta, domin ranar lalacewa kaɗai ba ta gaya maka komai ba, ƙwaya tana iya yin wata da watanni a kan kanta ƙamshinta ya gudu. Nemi wadda ta faɗi ƙasa da yankin da aka noma ta, irin su Sidama ko Yirgacefe ko Harar na Habasha. Wanda ya san kayansa na da kyau ba ya ɓoye asalinsu. Sayi ƙwaya ka niƙa daidai abin da za ka sha, don gari yana saurin sakin ƙamshi. Kamar giram 15 ya isa ruwa rubu'in lita. Idan ruwan ya tafasa, bar shi ya ɗan sarara kafin ka zuba. Masana ɗanɗano suna ba gahawa maki bisa ɗari, wadda ta kai 80 ita suke kira ta musamman. Irin wannan nakan sayi giram 250 a kan fam goma, ta ba ni kofi goma sha shida. Kowane kofi ya tashi kusan kwabo 60 ke nan, daidai harajin da ke kan kofin tasha.

Na san wani zai ce, to shi ke nan, magana ta ƙare, kowa ya dafa a ɗakinsa a rufe shagunan. A nan ne zan saɓa wa kaina kaɗan, domin da na sayi filas na fara dafawa a ɗaki, bayan mako uku sai na tsinci kaina a shagon nan na kusa da tasha, na sake ɗora kati. Gahawar ɗakina ta fi tasu nesa ba kusa ba. Me ya mayar da ni?

Kaɗaici ne. Wanda bai taɓa hunturun ƙasar nan ba ba zai gane ba. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗun yamma rana ta faɗi. Ɗakina taku huɗu ne a tsaye, uku a kwance. A gida idan zuciya ta yi maka nauyi, fita za ka yi ƙofar gida, ga dakali, ga majalisa a gindin bishiya, ga bencin mai shayi da za ka zauna tun magariba har sha ɗaya ko da kofi guda ka saya, ko ma ba ka saya ba. A nan babu dakali. Kowa ya shige ya rufe ƙofa. Wuraren da za ka zauna cikin ɗumi ba ka biya ba ƙalilan ne: masallaci, sai ɗakin karatu, su ma suna da lokacin rufewa. Saura duk sai da kuɗi. Fam uku da kwabo sittin ɗin nan shi ne ya ba ni kujera, da ɗumi, da wurin cajin waya, da intanet, da ganin fuskokin mutane suna shige da fice na awa biyu, ba wanda ya ce in tashi. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi.

Kuma da na duba tarihi sai na ga tun asali haka abin yake a ƙasar nan. A 1652 wani mai suna Pasqua Rosee ya buɗe shagon gahawa na farko a Landan. Ba a daɗe ba suka cika birnin. Da kwabo ɗaya mutum zai shiga ya sha, ya karanta jarida, ya saurari muhawara, har ake yi musu laƙabi da jami'o'in kwabo. Hirar siyasa ta yi yawa a cikinsu har Sarki Charles na Biyu ya ba da umarnin rufe su a ƙarshen 1675, amma ba a yi mako biyu ba ya janye saboda ƙorafin jama'a. Shahararriyar kasuwar inshorar nan ta Lloyd's daga shagon gahawar wani Edward Lloyd ta samo asali. Ashe majalisarsu ce, sanyi ne ya sa suka yi mata rufi suka sa mata kuɗin shiga.

Don haka ba na cikin masu cewa mai shago ɓarawo ne. Haya yake biya, albashi yake biya, haraji yake biya, kuma abin da yake sayarwa, wato wurin zama, abu ne mai daraja ga wanda ba shi da shi. Ba na kuma cikin masu cewa araha ba ta ado, duk abin da ya yi tsada mai kyau ne. Kofin jabana na Mama ya rushe wannan. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya biya kuɗin kujera alhali ba zama zai yi ba. Dubi yadda na riƙa yi: in tsaya a layi, in biya kuɗin haya da wuta da ɗumin shago, sannan in karɓi kofin in fita da shi cikin ruwan sama ina sauri. Cikin kofi ashirin ɗin nan na wancan wata, waɗanda na zauna na sha ba su wuce huɗu ba. Sauran goma sha shida sadaka na yi wa mai gidan haya da ban taɓa gani ba.

Wani kuma zai ce, ai laifinka ne da kake mayar da komai naira, wanda ke karɓar fam da fam ya kamata ya yi lissafi. Akwai gaskiya a ciki. Idan ka ce sai ka juya kuɗin kowace loma zuwa naira, yunwa ce za ta kashe ka a ƙasar mutane. To mu bar naira, mu auna da gumi. A albashin fam 12.21, kofi guda minti goma sha takwas ne na tsayuwa a sito ana ɗaga kwali da tsakar dare. Kofi ashirin awa shida ke nan, kusan dare guda cur. Wanda aka ƙayyade wa awa 20 a mako, ba shi da dare guda na zubarwa. Sannan mu da muka bar iyaye da ƙanne suna duban hanya, ko mun ƙi ko mun so aljihunmu ƙafa biyu gare shi, ɗaya a nan ɗaya a gida.

Ga yadda na daidaita yanzu. Gahawar aiki, wadda nake bukata don ido ya buɗe, a ɗaki nake dafa ta in zuba a filas. Shago kuwa sau ɗaya nake zuwa a mako, ranar Asabar, kuma na daina zuwa na tasha. Na sami wani ƙarami a unguwar Small Heath, inda Larabawa da Somaliyawa suka yi yawa, wanda idan ka shiga za a amsa maka sallama. Nakan zauna awa biyu ko uku, in kira gida, in yi hira da wanda na samu. Ranar nan ina sane da abin da na saya, kuma ba na jin ciwon biya. Abin da nake kashewa a wata ya dawo ƙasa da fam 30, ragowar kuma ta san hanyar da take bi. Ranar Lahadi idan Mama ta buɗe taga, na san an kira ni.

Abu ɗaya ya rage da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A tsaunin Mambila da ke jihar Taraba ana noman arabika, ƙasar tana da tudu da sanyin da itacen ke so. Cibiyar binciken koko ta ƙasa da ke Ibadan, gahawa da goro da ganyen shayi duk suna cikin amfanin gonar da aka ɗora mata. Amma na girma a Arewa ban taɓa ganin ƙwayar gahawar Mambila da idona ba, sai garin gwangwani. A shagunan nan na ga leda ɗauke da sunan Habasha, da Kenya, da Ruwanda, da Yuganda. Har yau ina duba kantoci ban ci karo da tamu ba. Idan akwai ɗan Gembu ko wani da ya san harkar a cikinmu, don Allah ya ba mu labarin halin da manoman suke ciki, domin shi ya fi ni sani.

Ku kuma da ke shirin fitowa karatu ko neman abinci, idan ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Cikin kayan da za ka fara saya ka sa filas. Duk ranar da ka tsaya a gaban na'urar biyan kuɗi da kati a hannu, ka tambayi kanka ko zama za ka yi. Idan zama ne, biya, ka zauna ka more kuɗinka. Idan wucewa ne, wuce.

A makon jiya na sake kiran gida, wannan karon daga ɗaki, da kofin tangaran a hannu. Umma ta ce, "Yau kuma na nawa ne?" Na ce na kwabo sittin, kuma ni na dafa. Ta ce, "Yanzu ka yi hankali. Idan za ka dawo ka taho mini da ita in ɗanɗana."

Allah Ya sa mu dace, Ya kuma mayar da kowane matafiyi gida lafiya. Ina sauraron gyararrakinku da ra'ayoyinku.